Sati shida ina ayerobik kilo ɗaya kawai ya sauka, in bari ne?

Salamu alaikum Anti, ina miki fatan alheri. Ni mace ce shekarata 36, ina zaune a Banifandu nan Yamai, yarana huɗu, na ƙarshen watansa 14 kuma aiki aka min kafin a ciro shi, har yanzu yana shan nono. Ina aikin biro, zama ne tun safe har la'asar. Nauyina kilo 94. Da naje asibiti likita ya auna tansiyo yace 15/9, yace in rage jiki in ba haka ba sai an ɗora ni kan magani. Shine na shiga ayerobik a wani sal na motsa jiki, jika 10 duk wata, sau uku a sati minti 45, har leda nake ɗaurawa a ciki kamar yadda mai koya mana yace wai kitsen ya narke. Anti sati shida kenan kilo ɗaya tak ya sauka, tumbin yana nan inda yake, ga gwiwa ta fara ciwo. Maigida dama ba son zuwan yake ba saboda akwai maza a wajen, uwar mijina kuma cewa take so nake in rame a ce ɗanta baya ciyar dani. Wata ƙawata ta kawo min shayin rage tumbi tace sati biyu zan ga aiki. In bar spor ɗin in koma shayin ne? Wlh na gaji.

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kar ki bari. Shayin nan ki mayar wa ƙawarki kayanta ki yi mata godiya, ledar kuma daga yau kar ki sake ɗaura ta. Wannan ce amsar a taƙaice, amma nasan in ban miki bayanin dalili ba gobe wata zata kawo miki wani shayin mai kwali mai kyau ki karɓa, dan haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Mu fara da kilo ɗayan nan da yake ɓata miki rai, domin ni da na gani ban ga gazawa ba, lissafi ne ya fito daidai. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, kalori kuwa shine ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, wanda jiki yake ƙonawa in yana aiki. Mace mai nauyinki in tayi ayerobik na minti 45 da gaske, ba tsayawa hira ba, abinda zata ƙona bai wuce 300 zuwa 400 ba. Sau uku a sati, sati shida, zuwa 18 kenan, ki haɗa ki gani wajen 6,000 da ɗan wani abu ne, ko kilo ɗaya bai cika ba. Kinga kenan jikinki bai ci amanarki ba, abinda kika saka shi ya baki. Wanda ya ce miki cikin wata ɗaya zaki zubar da kilo biyar da tsalle kaɗai, shine bai faɗa miki gaskiya ba.

Kuma ki sani tun asali ba dan rage tumbi aka ƙirƙiro abin nan ba. Wani likitan sojan saman Amurka ne, Kenneth Cooper, ya yaɗa shi a 1968, kuma damuwarsa zuciya ce da huhu, yadda mutum zai daɗe yana motsi jikinsa na jan iska yana aiki da ita ba tare da ya galabaita ba. Rawa da kiɗa da kayan matse jiki duk daga baya aka ƙaro su. Dan haka tafiya da sauri ayerobik ce, tuƙa keke ayerobik ne, hawa bene, iyo, duk abinda zai sa zuciya ta ƙara bugawa numfashi ya ɗan hau kuma ki iya daɗewa kina yi. To ke ai matsalar da ta kai ki sal ɗin ta zuciya ce da jijiyoyin jini, 15/9 ɗin nan, kuma a nan ne spor yake aiki tun kafin sikeli ya motsa. Mai tansiyo in ya riƙe motsa jiki kullum lambar sama tana sauka da kamar 5 zuwa 8, wato mai 150, wanda shine 15 ɗin da likita ya faɗa miki, ya dawo wajen 143, sukarin jini ma yana daidaita, barci yana gyaruwa. Ki tambayi kanki, ranar farko da kika je minti nawa kika yi kafin ki nemi wajen zama, yanzu kuma minti nawa kike yi? Benen biro da kike hawa kina haki, har yanzu haka ne? Ki koma a sake auna miki tansiyon a farmasi ko asibiti, da safe kafin ki sha kafe, ki zauna ki huta minti biyar tukuna, ki rubuta a takarda. Wannan lambar tafi ta sikeli muhimmanci a wajenki.

Amma ba zan ɓoye miki ba, kilo 94 yana buƙatar sauka, kuma saukarsa yawanci daga tukunya take zuwa. A wasiƙarki kin faɗa min komai, kuɗin sal, minti, leda, amma ko kalma ɗaya baki ce kan abinci ba, kuma nan ne nake zargi. Na sha gani da idona, mata su fito daga spor jiƙe sharkaf, a bakin ƙofa ga mai sayar da bisap mai sanyi har ƙanƙara ta kama ledar, kowa ta karɓi ɗaya wata biyu, a tsaya a sayi fanke ko burodi da mayonez a ci a cikin taksi saboda yunwa, kuma kowa a ranta tana cewa ai na yi aiki yau na cancanta. Gwangwanin lemo ɗaya na santilita 33 yana da sukari wajen giram 35, kalori 140, kusan rabin wahalar minti 45 ɗinki ya tafi a minti biyu. Cokali ɗaya babba na mai kalori 120 ne, yanzu ki tuna yadda muke tsiyaya mai a shinkafa da wake ko a dambu har sai ya kwanta a gindin kwano. Ga shayin biro, ƙwayar sukari huɗu biyar a kofi ɗaya, kowace ƙwaya kusan giram 5, sau biyu ko uku a wuni. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, cewa tayi sukarin da ake ƙarawa kar ya wuce kusan giram 50 a rana, in an dawo 25 ma yafi, gishiri kuma ƙasa da giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya duk wunin har da wanda yake ɓoye cikin magi. Ke mai tansiyo maganar gishiri da magi taki ce kai tsaye.

Bance ki zauna da yunwa ba, dan Allah ki ji ni da kyau, kina shayarwa, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abincinmu na gida ba shi da laifi, yawansa da man da sukarin ne matsala. Tuwon ki rage malmala ki ƙara miya, kopto da dambun zogale ki yawaita amma ki auna man da cokali ba da baki-kwalba ba, wake, kifi, ƙwai, nono mara sukari, furar ma ki sha amma ba ludayin sukari ba, lemon kwalba da bisap mai zaƙi ki mayar dasu na ranar biki, in ƙishi ne ruwa. Tuwon dare mai nauyi a kwanta a kansa shima ki sassauta. In kika yi wannan tare da motsa jiki, rabin kilo a sati abu ne mai yiwuwa, kuma irin wannan saukar a hankali ita ce bata dawowa da sauri. Kar ki sa wa ranki sai kin koma jikin 'yan matanci. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki, kilo 5 zuwa 9 kenan, ya isa ya canja tansiyo da sukari sosai. A Amurka anyi wani babban bincike da aka fitar a 2002 kan mutanen da suke dab da kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka sa su rage kashi 7 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Kashi 7 a jikinki kilo shida da rabi ne kawai.

Ledar nan kuwa raina ya ɓaci da na karanta. Zufa ruwa ce da gishiri, ba kitse bane, kitse baya fita ta fata, jiki ne yake ƙona shi a ciki mafi yawansa ya fita ta numfashi. In kin hau sikeli bayan leda kika ga kin ragu, ki sha ruwa kofi uku ki sake hawa zaki ga ya dawo. Kuma a garin nan da zafi yake wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, mace mai tansiyo mai shayarwa ta naɗe kanta da leda ta hana zufa bushewa, wannan neman jiri ne da faɗuwa da wahalar da ƙoda. Duk mai koyarwar da ya ce ki yi haka, ki yi taka tsantsan da sauran abinda yake faɗa miki.

Shayin kuma yawancinsu maganin zawo ne, filasko ake sawa a ciki ko wani abu mai sa yawan fitsari, ki kwana kina zaryar bayi cikin ya lafe ki ɗauka kin rame, alhali ruwan jikinki ne ya tafi. Wanda yafi bani tsoro shine an sha kama irin waɗannan kayan rage ƙiba da wani magani a ɓoye mai suna sibutramine, wanda aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ɗaga tansiyo yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Baki san me ke cikin kwalin ba, ƙawarki ma bata sani ba, ga yaro yana shan nono. Ba zancen gwadawa ma.

Sai gwiwa. Ciwon nan saƙo ne cewa tsallen yayi miki yawa yanzu, kilo 94 yana dira kan siminti sau ɗari ɗari dole gwiwa tayi ƙara. Ayerobik iri biyu ne, akwai mai tsalle akwai wanda ƙafa ɗaya kullum tana ƙasa, na biyun shine naki. Taka a tsaye kina ɗaga gwiwa daidai iyawarki, taku gefe da gefe, gaba da baya, hannuwa suna aiki sama da ƙasa, zuciya zata buga yadda ake so ba tare da kin doka gwiwa ba. In sauran suna tsalle ke ki taka, ba gasa kike da kowa ba. Ki nemi takalmin basket mai taushin ƙasa, ko na gwanjo ne in dai ƙasansa bai cinye ba, banda silifa banda ƙafa tsirara akan siminti. Sannan ki ƙarfafa cinya domin ita ce take ɗauke wa gwiwa kaya, ki samu kujera mai ƙarfi ki zauna ki tashi ba tare da dafa hannu ba sau 10, ki huta, ki sake har zagaye uku, sau biyu a sati. Kuma albishir, duk kilo ɗaya da kika sauke gwiwa tana samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku. In ta kumbura ko tana ƙagewa ko ciwon yana hana ki barci, to wannan likita zai duba, kar ki daure.

Tumbi shine na ƙarshe da yake tafiya a wajen yawancinmu da muka haihu, kuma babu wani motsi da yake zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya ƙona, jiki daga ko'ina yake ɗiba. Akwai kuma wani abu da ba'a cika faɗa wa mata ba. Bayan ciki huɗu, naman ciki guda biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara kan rabe a tsakiya, sai cikin ya turo gaba ko da kitsen ba yawa. Ki kwanta rigingine ki tanƙwara gwiwa, ki sa yatsu a saman cibiya kaɗan, ki ɗago kai a hankali, in kika ji rami da yatsu biyu ko fiye suke nutsewa, to ki dakata da motsin nan na kwanciya ana tashi zaune, yana iya ƙara buɗa shi. Ki nuna wa likita ko ungozoma a asibiti, dama tunda aiki aka miki ya kamata su duba wajen ɗinkin su tabbatar babu kaba. Ki sayi mitan tela ki riƙa auna ƙugu daidai cibiya sau ɗaya a wata, ga mace in ya wuce santimita 88 haɗari yana ƙaruwa, kuma sau da yawa mita tana nuna canji kafin sikeli ya nuna. Sikelin ma sau ɗaya a sati ya isa, da safe, rana ɗaya tsayayya, saboda nauyin mace yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu kusa da al'ada.

Abinda OMS ta ce ga babba shine minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ke yanzu kina 135, kin kusa, abinda ya rage ki cike sauran kwanakin da tafiya. Matsakaici kuma ga yadda zaki gane ba sai da agogo mai tsada ba, kina haki kaɗan amma zaki iya magana da ta kusa dake, in kina iya rera waƙa to kin yi sanyi ki ƙara, in ko kalma biyu bakya iya haɗawa to kin wuce ki rage. Minti biyar na farko a hankali, minti biyar na ƙarshe a hankali, kar ki tsaya cak. Lokacin zafi bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai yafi, ko dab da magariba, da gorar ruwa a hannu, in hunturu ya taso da ƙura ki yi a cikin ɗaki. In kin taɓa wucewa ta filin wasa na Seyni Kunce da sassafe ko da yamma kinga yadda mutane suke zagaye, manya da yara, mata da hijabinsu. Amma daga Banifandu kullum da nisa, kuma abinda yake nesa shi ake fara bari, gara ki nemi hanya mai tsafta a unguwarku. A biro ma duk awa ɗaya ki miƙe ki ɗan zaga, takardar da zaki aika yaro ki kai da kanki. Nono kuma kar kowa ya tsorata ki, motsi matsakaici baya ƙafar da shi baya ɓata shi, ki shayar kafin ki fara ki sha ruwa sosai.

Maganar maigida, ni a ganina yana da hujjarsa, kuma baki buƙatar rigima akan sal. Bai ce kar ki nemi lafiya ba, cakuɗuwa da maza ce baya so, to ki raba masa biyun. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance ki nuna masa takardar likita, in da hali ku koma asibitin tare yaji da kunnensa me 15/9 take nufi ga mace 'yar shekara 36 mai yara huɗu, a auna nashi ma tunda an zo, maza da yawa suna yawo da tansiyo basu sani ba. Sannan ki kawo masa mafita da kanki, ko wajen da yake da lokacin mata zalla, ko ki tara maƙwabta biyu uku a tsakar gida ku riƙa yi tare da bidiyo a salula, in kiɗa ne matsala da ƙirge ma ana yi, ɗaya biyu uku huɗu. Jika 10 ɗin ta koma kifi da ganye. In ya yarda ku riƙa taka ƙafa tare bayan isha ko minti 20 ne, kin ci riba biyu, domin tafiya bayan cin abinci tana taimakawa wajen sauke sukarin jini.

Inna kuma kar ki yi musu da ita. A zamaninsu mace tana daka tana surfe tana jan ruwa tana tafiya gona, wadda ta samu jiki a haka hutu ta samu da gaske, dan haka in tana ganin ƙiba alamar kulawa ce ba mugunta take nufi ba, sunan ɗanta take karewa. Kalmar ramewa ce take tsorata ta, to ki daina cewa rage jiki a gabanta, ki ce Inna likita ne yace jinina yana hawa, ya hana ni gishiri da mai da zaƙi, ki sa min albarka. Babu tsohuwar da bata san wata da tansiyo ya kwantar ba. In ɗanta ne ya faɗa mata da bakinsa yafi sauƙi, kuma in ta aiko da abinci ki karɓa hannu biyu ki ci kaɗan ki raba wa yara.

Abu ɗaya da bana so ki yi wasa dashi, in kina cikin motsi kika ji ƙirji ya ɗaure ko ciwo yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko ganinki ya dushe, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba, ki tsaya nan take a kai ki asibiti. Ranar da aka auna aka ga 18/11 ko sama, ba spor ranar sai kin ga likita. Kuma in ya ga dacewar ya ɗora ki kan magani ki karɓa ki sha, ba faɗuwa bace, ana haɗa shi da motsa jiki ne, kuma kar ki taɓa ajiye shi da kanki dan kin ji sauƙi. Ki roƙe shi ya auna miki sukari ma tunda baki ambata ba.

Ki bani wata uku a haka, sai ki sake rubuto min da lambobi uku, tansiyo, ƙugu da kilo, ki faɗa min kuma yadda gwiwar take da yadda kuka ƙare da maigida. Allah ya ƙara lafiya ya raya zuri'a, ki shafa min kan autan.